Haɗa wayoyi da wayar ƙasa wajen daidaita na'urorin auna lantarki

Daidaita na'urar auna lantarki shi ne a gwada abin da na'urar take nunawa da wani ma'auni da aka riga aka tabbatar da ƙimarsa, a rubuta bambancin da ke tsakaninsu, idan ya cancanta kuma a gyara ta. Masu sana'ar suna kiran wannan aiki kalibireshan. Ana yin sa ga multimita, da mitar auna juriya, da mitar auna kwararar lantarki, da na'urorin auna zafi masu aiki da lantarki. A cikin wannan aiki, wayoyin da ke haɗa na'urar da ma'aunin, da kuma wurin da aka haɗa su da ƙasa, suna cikin abin da ake aunawa. Waya tana da juriyarta, mahaɗar ƙarafa biyu tana haifar da ɗan ƙarfin lantarki nata, wayar ƙasa kuma tana iya ɗauko lantarkin da ba a gayyace shi ba. Idan ba a kula da waɗannan ba, takardar shaidar da za a bayar za ta ɗauki kuskuren wayoyin ta jingina shi ga na'urar, kuma duk abin da aka auna da na'urar daga baya zai gaji kuskuren.

Silsilar ma'auni

Kowane ma'auni da ake amfani da shi a ɗakin gwaji an gwada shi da wanda ya fi shi, shi ma an gwada shi da wani, har a kai ga cibiyoyin awo na ƙasashe irin su NIST a Amurka, NPL a Ingila da PTB a Jamus. Ofishin awo na duniya, BIPM, yana garin Sèvres kusa da Faris, kuma an kafa shi ne bisa yarjejeniyar mita ta shekarar 1875. A Najeriya hukumar SON ce ke riƙe da cibiyar awo ta ƙasa da ke Enugu. A can ƙololuwar silsilar, ana samun bolt daga tasirin Josephson, wanda Brian Josephson ya yi hasashensa a 1962, ana kuma samun om daga tasirin da Klaus von Klitzing ya gano a 1980, mai ba da juriya ta kimanin om 25,812.807. Ɗakunan gwajin da ke son a amince da takardunsu suna bin ƙa'idar ISO/IEC 17025. Akwai kuma wata tsohuwar al'ada ta cewa ma'aunin ya fi na'urar da ake gwadawa daidaito da aƙalla ninki huɗu. Waya mara kyau guda ɗaya tana iya cinye wannan rata gaba ɗayanta.

Haɗin waya biyu

Mitar auna juriya tana aiki ne da dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827. Tana tura kwararar lantarki da ta san yawanta cikin abin da ake aunawa, ta auna ƙarfin lantarkin da ya bayyana, ta raba shi da kwararar, abin da ya fito shi ne juriya. A haɗin waya biyu, wayoyin da suka kai kwararar su ne kuma suke dawo da awon. Saboda haka mitar ba ta da hanyar rarrabe juriyar abin da juriyar wayoyinta, jimillarsu take nunawa.

Wayar jan ƙarfe mai tsawon mita 1 da kaurin murabba'in milimita 1 tana da juriya kimanin om 0.017. Idan aka haɗa da juriyar filogi da ta tsinin da ke taɓa abin, wayoyin multimita ta hannu sukan nuna tsakanin om 0.1 da 0.3 idan aka taɓa bakunansu da juna. A ɗauka om 0.2 ne. Ga mai auna om 10,000 wannan ba komai ba ne, kashi 0.002 cikin 100 ne. Ga mai auna om 1 kuwa kuskuren ya kai kashi 20 cikin 100. Akwai sandunan ƙarfe da ake sa wa a layi domin auna babbar kwarara, waɗanda ake kira shant. Mai ba da milibolt 75 idan amfiya 100 ta ratsa shi juriyarsa om 0.00075 ce. A nan wayoyin sun ninka abin da ake aunawa fiye da sau 250.

Yawancin mitoci suna da maɓallin da ke cire juriyar waya: a taɓa bakunan biyu, a danna, mitar ta ɗauki wannan adadi a matsayin sifili. Dabara ce mai amfani a aikin yau da kullum, amma tana da iyaka. Juriyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kimanin kashi 0.39 cikin 100 a kowane digiri na zafi, don haka sifilin da aka ɗauka da sanyin safiya ba shi ne na tsakar rana ba. Juriyar wurin taɓawa kuma tana canjawa duk lokacin da aka cire maƙali aka mayar.

Haɗin waya huɗu, ko haɗin Kelvin

Maganin wannan matsala ya samo sunansa daga William Thomson (1824–1907), malamin jami'ar Glasgow wanda aka ba sarautar Lord Kelvin a 1892. Thomson ya yi aiki a kan wayar tangaraho da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atlantika, kuma a wannan aiki ya lura cewa jan ƙarfen da ake sayarwa ba ɗaya ba ne wajen gudanar da lantarki, wani ya fi wani nesa ba kusa ba. Domin tantance shi ana bukatar auna juriyar guntun ƙarfe mai kauri, wadda ƙarama ce ƙwarai. Kayan awon da ake da shi a lokacin shi ne gadar Wheatstone, wadda Samuel Hunter Christie ya ƙirƙira a 1833, Charles Wheatstone ya yaɗa ta a 1843, kuma tana gazawa idan juriyar ta yi ƙasa sosai saboda juriyar mahaɗai. A 1861 Thomson ya fito da gada mai hannuwa biyu-biyu wadda ke kawar da tasirin wayar haɗi. Ita ake kira gadar Kelvin.

Mitocin zamani ba sa amfani da gadar, amma tunanin yana nan yadda yake: a raba aikin gida biyu. Waya biyu su kai kwarara, wasu biyu daban su ɗauko ƙarfin lantarki daga jikin abin da ake aunawa. Wayoyin kwarara suna da juriyarsu, kuma ƙarfin lantarki yana zubewa a kansu, amma wannan yana wajen yankin da ake aunawa. Wayoyin awo su ma suna da juriya, sai dai kusan babu abin da ke gudana a cikinsu, saboda sashen auna bolt na mitar yana da juriyar shiga mai girma, megaom 10 a yawancin mitocin hannu, sama da megaom 10,000 a ƙananan matakan mitocin tebur masu kyau.

Misali zai fayyace. Ana auna om 1 da kwarara ta miliamfiya 10, ƙarfin lantarkin da ya bayyana milibolt 10 ne. Mita mai megaom 10 za ta ja kwarara ta kashi ɗaya cikin biliyan na amfiya ta wayoyin awo. Kuskuren da wayoyi masu om 0.2 za su jawo ya zama kashi 2 cikin miliyan 100 na awon, alhali a haɗin waya biyu kashi 20 cikin 100 ne. Wayoyin ba su canja ba, hanyar haɗa su ce ta canja.

Abin da ke tantance sakamakon shi ne inda wayoyin awo suka taɓa. Juriyar da mitar za ta nuna ita ce ta yankin da ke tsakanin wuraren taɓawar nan biyu, don haka dole su kasance daga ciki, wayoyin kwarara daga waje. Shi ya sa shant yake da manyan kusoshi biyu a gefe na kebul, da ƙanana biyu daga ciki na mita. Ma'aunan juriya na ɗakin gwaji, waɗanda akan yi da manganin, wato gaurayen jan ƙarfe da manganis da nikel wanda zafi bai cika canja juriyarsa ba, su ma bakuna huɗu ne da su, kuma ƙimar da ke kan takardarsu ta tsakanin bakunan awo ce. Wanda ya haɗa mitarsa a bakunan kwarara ya auna wani abu dabam. Akwai kuma maƙalin Kelvin, wanda a ido kamar maƙali na kullum ne, amma muƙamuƙansa biyu ba sa haɗe da juna, ɗaya na kwarara ɗaya na awo.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su haɗe wayar awo da ta kwarara tun a bakin mita, ko a tsakiyar hanya, sannan waya ɗaya ta ƙarasa zuwa abin da ake aunawa. Mitar tana kan matakin waya huɗu, kebul huɗu ne a soke a gabanta, amma daga mahaɗar nan zuwa gaba awon na waya biyu ne.

Na'urorin da ke samar da ƙarfin lantarki na ma'auni, wato kalibireta, su ma suna amfani da wannan tsari. Idan na'urar da ake gwadawa tana jan kwarara mai ɗan yawa, abin da ya isa bakinta zai gaza abin da ya baro kalibireta. Sai a kai wayoyin awo na kalibiretar har bakin na'urar, ta riƙa ƙara abin da take fitarwa har ƙimar da ake so ta tabbata a can. Idan ɗaya daga cikin wayoyin awon nan ya zame, wasu na'urorin sukan ɗaga ƙarfinsu suna neman cike giɓin da ba shi da iyaka, abin da ke iya lalata na'urar da ake gwadawa.

Haɗin waya uku

A masana'antu, inda kebul yake da tsawo kuma kowace waya kuɗi ce, an fi amfani da waya uku, musamman ga ma'aunin zafi na filatinam da ake kira Pt100. Juriyarsa om 100 ce a digiri 0, tana ƙaruwa da kimanin om 0.385 a kowane digiri. Kebul mai tsawon mita 10 da kaurin rabin murabba'in milimita, zuwa da dawowa, yana ƙara kimanin om 0.68, wanda zai sa a karanta zafin sama da gaskiyarsa da kusan digiri 1.8. Waya ta uku tana ba na'urar damar auna juriyar waya ɗaya, ta ɗauka ɗayar ma haka take, ta cire. Wannan yana aiki ne muddin wayoyin tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, kuma zafi ɗaya suke sha. Wajen daidaita irin wannan na'ura ana haɗa ma'aunin juriyar da waya uku iri ɗaya, kamar yadda za ta yi aiki a wurinta.

Lantarkin da zafi ke haifarwa

A 1821 Thomas Johann Seebeck ya gano cewa da'irar da aka yi da ƙarafa biyu mabambanta tana haifar da lantarki idan mahaɗanta ba su da zafi ɗaya. A kan wannan aka gina ma'aunin zafi na tamokoful. A teburin daidaitawa kuwa kowace mahaɗa ƙaramin tamokoful ne da ba wanda ya nema, kuma haɗin waya huɗu ba ya maganinsa, domin a cikin wayoyin awon yake zaune.

Girman abin ya danganta da ƙarafan. Jan ƙarfe tsaftatacce da ɗan'uwansa ba ya kai rabin maikirobolt a kowane digiri. Jan ƙarfe da zinare ko azurfa ma haka. Jan ƙarfe da dalmar liƙi yana ba da 'yan maikirobolt. Mafi muni shi ne jan ƙarfen da ya yi tsatsa, wanda ke iya kai wa kusan maikirobolt 1,000 a kowane digiri. Saboda haka ɗakunan gwaji suke amfani da kebul na jan ƙarfe zalla ko mai rufin zinare, suna goge bakunan kafin a ɗaura, suna gudun filogi mai rufin nikel idan awon na maikirobolt ne.

A koma ga misalin milibolt 10 na sama. Mahaɗa mai ba da maikirobolt 3 a digiri, idan ta fi takwararta zafi da digiri 2, za ta ƙara maikirobolt 6, wato kashi 600 cikin miliyan. Ɗumin yatsun wanda ya ɗaura wayar ya isa ya jawo haka. Shi ya sa ake jira 'yan mintoci bayan an gama haɗi kafin a ɗauki karatu, ana kuma kare bakunan daga iskar fanka, ta na'urar sanyaya ɗaki, da hasken rana ta taga.

Abin da ya rage ana cire shi da lissafi. Lantarkin zafi ba ya juyawa idan aka juya kwararar gwaji, amma wanda juriya ta haifar yana juyawa. Idan karatun farko ya ba da milibolt 10.006, na biyu bayan an juya kwarara ya ba da 9.994 ta ɗaya fuskar, matsakaicinsu 10.000 shi ne na gaskiya. Wasu mitocin suna yin makamancin haka da kansu: su auna da kwarara, su kashe ta su sake aunawa, su cire na biyun daga na farko.

Ƙasa

Kalmar ƙasa a wannan fanni tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma rikita su ne tushen matsaloli da yawa. Ta farko ita ce wayar tsaro, mai launin kore da rawaya, wadda ke haɗa gangar jikin na'ura da sandar da aka binne. A filogi mai ƙafa uku da ake amfani da shi a Najeriya, doguwar ƙafar sama ita ce tata. Aikinta shi ne idan waya mai wuta ta taɓa gangar jiki, kwarara ta bi ta nan, fis ya tsinke ko abin yanke wuta ya faɗi, kafin mutum ya taɓa. Ta biyu ita ce wurin da aka ɗauka a matsayin sifili a cikin awo, wato bakin da aka rubuta wa LO a gaban mita, kishiyar HI. Wannan bakin ba dole ne ya haɗu da ƙasar gaske ba. A yawancin multimita a ware yake, a wasu na'urorin kuwa, kamar osiloskof da yawancin injinan samar da sigina, a haɗe yake da gangar jiki tun daga masana'anta.

Matsalar da ake kira zoben ƙasa tana tasowa ne idan LO ya haɗu da ƙasa a wurare biyu. A zane duk wayoyin ƙasa sifili ne, amma a cikin gini ba haka ba ne, domin kwararar da ke yoyo daga injina da kwamfutoci tana bi ta cikinsu, kuma suna da juriya. Soket biyu a bango biyu na ɗaki ɗaya suna iya bambanta da milibolt masu yawa. Idan kalibireta ta haɗa LO ɗinta da ƙasa ta soket ɗaya, na'urar da ake gwadawa ta haɗa nata ta ɗayan, an rufe zobe, kuma wayar LO ta zama wani yanki nasa. A ɗauka bambancin milibolt 50 ne, juriyar zoben duka om 1, daga ciki om 0.1 ta wayar LO ce. Miliamfiya 50 za ta zagaya, ta bar milibolt 5 a kan wayar LO. Mitar ba ta san daga ina wannan ya fito ba, za ta haɗa shi da abin da take aunawa. A kan bolt 1 wannan rabin kashi ɗaya ne cikin 100.

Ƙa'idar ita ce da'irar awo ta haɗu da ƙasa a wuri ɗaya tak. Idan na'urar da ake gwadawa a ware take, ana yin haɗin a wajen kalibireta. Idan ita ce ke haɗe da ƙasa, ana ware LO na kalibireta, kuma manyan kalibiretoci suna da maɓalli ko ɗan ƙarfen haɗi na yin haka. Idan na'urori da yawa ne, kowace ta ja wayarta zuwa wuri guda, kada a jera su wannan ta bi ta kan wannan. Jona su duka a kan layin soket ɗaya yana rage bambancin tun daga tushe. Kada kuma a manta da kebul ɗin da ke haɗa na'ura da kwamfuta, domin yakan kawo ƙasa ta biyu ta ƙofar baya.

Akwai wata gajeriyar hanya da wasu ke bi, su karya ƙafar ƙasa ta filogi ko su yi amfani da adafta mara ita domin zoben ya yanke. Karatun yakan natsu, amma an cire abin da ke tsakanin mai aikin da wutar bolt 230. A da'irar awo ake yanke zobe, wayar tsaro ba a taɓa ta. Haɗari makamancin wannan yana tattare da osiloskof: maƙalinsa na ƙasa a haɗe yake da wayar tsaro, don haka maƙala shi a wurin da ke da wuta daidai yake da haɗa wurin da ƙasa kai tsaye. Ga irin wannan awo ana amfani da tsinin auna bambanci, ko na'urar da aka ƙera a ware. Mitar da ke a ware ma tana da iyaka, akwai adadin bolt da aka rubuta kusa da bakin LO wanda bai kamata ya wuce ba tsakaninsa da ƙasa.

Warewar kanta ba cikakkiya ba ce. Tsakanin LO da gangar jiki akwai juriya mai girma, akwai kuma kafasitans. Fikofarad 250 a hatz 50 daidai yake da hanya mai kimanin megaom 13, wadda kwarara mai juyawa za ta iya bi. Masu ƙera mita suna bayyana iyawarta ta watsi da lantarkin da ya hau HI da LO tare, a ma'aunin desibel. Desibel 120 yana nufin miliyan ɗaya ga ɗaya: bolt 10 na irin wannan lantarki zai bayyana a matsayin maikirobolt 10.

Garkuwa da gadi

Garkuwa rufin ƙarfe ne, ko saƙar waya da ke kewaye da kebul, mai tare tasirin lantarkin da ke kewaye. A awon lantarki mara juyawa da mai ƙaramin mita, ana haɗa garkuwar a gefe ɗaya kawai, domin haɗa ta a gefe biyu wani zoben ne. Garkuwar jan ƙarfe ba ta tare filin maganaɗisu na taransifoma ko mota mai aiki da hatz 50. Abin da ke rage wannan shi ne a murɗe wayoyin HI da LO tare, domin lantarkin da maganaɗisu ke haifarwa ya danganta da faɗin filin da ke tsakanin wayoyin, kuma kowace murɗa tana soke ta kusa da ita. Alexander Graham Bell ya yi rajistar wannan dabara a 1881 domin wayar tarho. A haɗin waya huɗu ana murɗe na kwarara tare, na awo tare, ba a gauraya su.

Gadi, wanda kalma ɗaya ce da ta cikin mai gadi, wani baki ne na daban a wasu mitoci da kalibiretoci. Yana haɗe da akwatin ƙarfe na ciki da ke tsakanin sashen awo da gangar jiki. Idan aka kai wayarsa zuwa gefen LO na abin da ake aunawa, kwararar da ke yoyo zuwa ƙasa sai ta bi ta wayar gadi, ta bar wayar LO da ke ɗauke da awo. Ba a barin sa a sake. Idan ba a kai shi can ba, ana haɗa shi da LO a gaban mitar.

Wajen auna juriya mai girma ƙwarai, matsalar takan juye. Juriyar waya ba ta da tasiri, rufinta ne abin damuwa. Idan ana auna megaom 1,000 da kebul da rufinsa ke da megaom 100,000, karatun zai gaza da kusan kashi 1 cikin 100, saboda wani ɓangare na kwararar ya bi ta rufin. Ana amfani da kebul mai hawa uku, a riƙe hawan tsakiya a kan ƙarfin lantarki ɗaya da wayar ciki; tunda babu bambanci tsakaninsu, babu abin da zai tura yoyo. Laima, ƙura da maiƙon hannu a kan rufi suna ƙara yoyon. Motsa kebul ma yana haifar da ɗan caji saboda gogayyar da ke tsakanin waya da rufinta, don haka ake ɗaure shi a bar shi ya kwanta.

Hayaniyar layin wuta

Mitocin tebur suna tattara awo na wani ɗan lokaci su ba da matsakaici. Idan lokacin ya yi daidai da cikakken zagaye na wutar layi, hayaniyar da ta hau sama da wadda ta sauka ƙasa sukan soke juna. A Najeriya da Nijar da Turai, inda wutar take hatz 50, zagaye ɗaya milisakan 20 ne. A Amurka, mai hatz 60, kimanin milisakan 16.7. Wasu mitocin suna gane wannan da kansu idan an kunna su, wasu kuwa sai an saita, abin da ya shafi duk wanda ya sayi na'urar da aka yi amfani da ita a Amurka. Ƙaramin janareta kuma ba ya tsayawa cak a kan hatz 50, yana hawa da sauka gwargwadon nauyin da ke kansa, kuma wannan yana rage ƙarfin tacewar.

A lantarki mai juyawa da sauri, kafasitans na kebul yana zama nauyi a kan abin da ake aunawa. Kebul ɗin koaks na kullum yana da kimanin fikofarad 100 a kowace mita, wanda a hatz 100,000 yake kamar hanya mai om 16,000. Shi ya sa ake gajarta kebul, ake kuma rubuta irinsa da tsawonsa a cikin bayanan gwajin, domin wanda zai maimaita awon ya yi amfani da irinsa.

Auna sandar ƙasa

Sandar da aka binne ita ma ana auna ta, kuma da tunanin Kelvin ake yi. Ana kafa sanda ta wucin gadi can nesa domin kwarara, a kafa wata a tsakani domin awo. A ƙasar da yanayinta ɗaya ne, wurin da ya dace da sandar awo shi ne kimanin kashi 62 cikin 100 na tazarar, a ƙirga daga sandar da ake gwadawa. Akan matsar da ita gaba kaɗan da baya kaɗan; idan karatun ya canja sosai, sandar kwarara ba ta yi nisan da ya kamata ba. Domin sanin juriyar ƙasar kanta kafin a binne komai, ana amfani da hanyar da Frank Wenner na ofishin ma'aunai na Amurka ya bayyana a 1915: sanduna huɗu a jere da tazara ɗaya, na waje biyu su kai kwarara, na ciki biyu su ɗauko awo. Masu neman ruwa kafin haƙa rijiyar burtsatse suna amfani da irin wannan jeri.

Juriyar ƙasa tana bin laima. Yashi busasshe da dutse suna da juriya mai yawa, yumɓu mai damshi kaɗan. A yankunan da rani yake da tsawo, sandar da ta ba da karatu mai kyau a watan Agusta tana iya ba da wanda ya ninka shi a watan Maris, saboda haka ake zurfafa ta har ta kai ga damshi, ko a binne da yawa a haɗe su, a kuma yi awon a lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Busasshiyar iskar hunturu tana ƙara taruwar caji a jikin mutum da tufafinsa, wanda ke iya lalata sashen shiga na mita mai saurin ji. Maɗaurin hannu da ake sa wa domin zubar da wannan caji ana haɗa shi da ƙasa ta cikin juriya ta kimanin megaom 1, domin cajin ya sauka a hankali, kuma idan mai aikin ya taɓa waya mai wuta bisa kuskure kwararar da za ta bi ta jikinsa ta wannan hanya ta zama kaɗan.